Keken tsere a kan firam ɗin alminiyam: littafin aikina daga Birnin Kebbi

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau na yanke shawarar da na yi wata biyu ina juya ta a raina. Wani dillalin kekunan gwanjo a Kano ya turo mini hotunan firam biyu, wato gangar jikin keke, da suka yi daidai da tsayina, ɗaya na zaren kabon a kan naira 280,000, ɗaya na alminiyam tare da fok ɗinsa, wato ƙafafu biyun da ke riƙe wilin gaba, a kan naira 95,000, kuma duk abin da na tanada domin wannan aiki naira 450,000 ne. Na zaɓi na alminiyam, na tura kuɗin, ya ce zai ba direban motar Birnin Kebbi ranar Litinin.

Kuɗi yana cikin dalilaina, amma ba shi ne na gaba ba. Firam ɗin kabon zare ne siriri da ake shimfiɗawa falle-falle, a jiƙa shi da wani irin ƙaro, a gasa shi cikin mazubi har ya zama abu guda. Idan ya sha bugu, fallayen ciki suna iya rabuwa da juna alhali fentin waje yana nan sumul, ba ya nuna komai. Wanda ya sayi sabo ya san tarihin kekensa, ni kuwa gwanjo zan saya, wanda ya ratso teku cikin kwantena, aka jibge shi ƙarƙashin wasu kekunan, sannan zai hau saman mota daga Kano a ɗaure da igiya. Alminiyam idan ya bugu yakan lotsa, idan ya gaji yakan tsage a wurin da ido zai iya gani, kuma a halin da nake ciki wannan ya fi mini sauƙin nauyi daraja.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Firam ya iso, na biya naira 6,000 kuɗin mota. Na kai shi wurin wani mai sayar da kaji na roƙi sikelinsa na rataye. Firam ɗin da sandar sirdin da ke jikinsa sun ba da giram 1,600, fok ɗin kuma giram 520. A jikin bututun sirdi akwai tambarin da ke ɗauke da lamba 6061, wato alminiyam da aka gauraya da ɗan maganiziyam da silikon, kuma shi da mai lamba 7005 su ne aka fi yin firam ɗin keke da su.

Fok ɗin na kabon ne, kamar yadda yake a yawancin kekunan tsere na alminiyam a yau, saboda haka ban rabu da kabon gaba ɗaya ba. Na duba shi a rana, na matsa ƙafafunsa biyu, na ƙwanƙwasa shi da kwabo daga sama har ƙasa ina sauraron ko sautin zai canza ya zama na fasasshiyar ƙwarya. Sautin bai canza ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na kai firam wurin Baba mai gyaran keke a unguwarmu, wanda ya shekara fiye da talatin yana gyaran Raleigh da Phoenix. Ya juya shi a hannu, ya ɗaga shi da yatsu biyu, ya ce, "Malam, wanga ai goran ruwa ne, da shi za ka hau titi?" Na ce, "Da shi, Baba, in Allah ya yarda." Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne kaurin bututun ƙasa, wanda ya kusa kai damtsen yaro.

Kaurin yana da dalili. Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, amma taurinsa ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne, saboda haka idan aka yi bututunsa siriri irin na keken ƙarfe sai ya riƙa lanƙwasawa ƙarƙashin mai tuƙi, kamar yadda aka san firam ɗin Vitus 979 na Faransa da shi. Maganin shi ne a faɗaɗa bututun a rage kaurin bangonsa, domin taurin bututu yana ƙaruwa ƙwarai da zarar faɗinsa ya ƙaru. Gary Klein a Amurka ya fara bin wannan hanya tun shekarun 1970, kamfanin Cannondale kuma ya fitar da kekensa na farko na alminiyam mai manyan bututu a 1983. Na ƙwanƙwasa tsakiyar bututun sama da farce, Baba ya ji ƙararsa kamar ta gwangwani, sannan na ƙwanƙwasa kusa da walda ya ji ta yi nauyi, domin an bar bangon da kauri a bakin bututu inda wuta take taɓawa, an sirantar da shi a tsakiya.

Mun yi gwajin tsaga da dabarar tsofaffin makanikai. Muka wanke kowace walda, muka shafa kananzir, muka bar shi ya shiga na minti ashirin, muka goge tas, sannan muka barbaɗa garin alli. Da akwai tsaga, da kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki ya fito ya zana layi a kan allin. Mun bi gindin feda, wuyan firam da inda ƙafafun baya suka haɗu, allin ya zauna fari ƙal.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Matsala ta fito. Sandar sirdin, wadda ita ma ta kabon ce, ta ƙi motsi ko kaɗan bayan na kwance notinta. Dillalin bai faɗa mini ba, kuma da na kira shi ya ce bai taɓa gwada ta ba. A bakin bututun akwai wani farin gari kamar kanwa. Wannan shi ne tsatsar alminiyam, kuma tana tsananta idan aka haɗa shi da kabon babu maiƙo a tsakani, ruwa ko gumi ya samu shiga, domin abubuwan biyu sukan zama kamar batir, alminiyam ɗin ne kuma yake cinyewa. Garin ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cika wuri, shi ya sa yake cije sandar kamar siminti.

Na kifa firam ɗin, na zuba man kwance noti ta ramin gindin feda domin ya gangara ta ciki.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Kwana huɗu ina zuba mai safe da yamma. Ba ta motsa ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau ce ranar da ta fi kowace wahala tun da na fara. Baba ya kama kan sandar da babbar sifana ta masu famfo, ni da ɗansa muka riƙe firam muna murɗawa, har na ji bututun sirdi yana ƙara irin wadda ba ta yi mini daɗi ba, na ce a dakata. Kan sandar ya farfashe, gindinta bai gusa ba. Baba ya ce a kai wa mai walda na kusa ya ɗan hura mata wuta, domin haka yake yi da keken ƙarfe kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Na ƙi, kuma sai da na daɗe ina bayani, domin ba na son ya ɗauka raina sana'arsa nake yi.

Ƙarfin alminiyam 6061 daga gashi yake samuwa. Bayan an gama walda a masana'anta, akan sa firam ɗin gaba ɗaya a tanderu mai zafin da ya haura digiri 500, a tsoma shi a ruwa nan take, a miƙe shi, sannan a sake gasa shi a kusan digiri 175 na awa takwas ko makamancin haka. Harshen wutar mai walda yana warware wannan aiki a duk inda ya taɓa, wurin ya yi laushi, kuma babu alamar da za ta nuna hakan sai ranar da ya karye. Wannan shi ne babban aibin alminiyam, kuma dole in rubuta shi a nan tunda na rubuta alherinsa: firam ɗin da ya tsage ya gama aiki, domin ko an samu gwanin walda, babu tanderun da zai mayar masa da ƙarfinsa. Kabon kuwa, duk da tsoron da nake yi masa, ƙwararru suna iya kankare wurin da ya karye su shimfiɗa sabon zare ya koma aiki. Haka kuma alminiyam yana tara gajiya da kowane bugun feda komai ƙanƙantarsa, saɓanin baƙin ƙarfe, ko da yake firam mai kyau yakan yi shekaru masu yawa kafin hakan ya zama abin magana.

Baba ya saurara har na gama, ya ce, "To Malam, in ba wuta, sai zarto, kuma sai haƙuri." Muka yanke sandar muka bar kamar yatsa biyu a sama da bakin bututu. Na sayi ruwan zarton ƙarfe uku a kan naira 1,500, na naɗe gefe ɗaya da tsumma, na fara tsaga sandar ta ciki, daga sama zuwa ƙasa. Na jiƙa wurin da ruwa, na ɗaure hanci da ƙyalle, domin ƙurar kabon ba abar shaƙa ba ce.

Talata, 19 ga Nuwamba

Kullum bayan la'asar ina yin awa ɗaya a kan zarton. Wahalar ita ce riƙe ruwan zarton a kwance daidai, domin idan ya karkata zai ci bakin firam tun bai gama da gindin sandar ba, kuma sandar ta shiga ciki kusan santimita 12. Ina haskawa da tocilar waya bayan kowane ja ashirin. Muddin garin da ke fitowa baƙi ne ina kan sanda, da zarar na ga ƙyalli fari na san na taɓa firam.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Ta fita. Bayan tsaga ta biyu na kama bakinta da filaya, na naɗe ta ciki kamar tabarma, ta saki da wata ƙara, farin gari ya zubo mini a ƙafa. Na ji wa cikin bututun ciwo guda, ɗan karce mai tsawon rabin yatsa wanda bai yi zurfi ba, na goge shi da samfefa mai laushi da na naɗa a jikin sanda.

Na daɗe ina kallon guntun da ya fito. A bakin yankan ana ganin fallayen zaren ɗaya bisa ɗaya, kowanne ya nufi wata fuska dabam, kuma a inda sifana ta matse shi sun rabu kamar ɓawon albasa, amma santimita biyu daga wurin fuskarsa tana sheƙi kamar ba abin da ya same shi. A nan na ga gwanintar kabon da haɗarinsa a guntu ɗaya: mai ƙira yana iya juya zaren yadda yake so, ya sa wuri ya yi tauri ta wannan fuska ya yi laushi ta waccan, abin da ƙarfe ba ya yarda da shi, amma ciwonsa a ciki yake zama.

Na sake auna firam ɗin shi kaɗai, giram 1,380. Dillalin ya ce na kabon ɗin da na bari giram 950 ne. Ratar ba ta kai nauyin ledar ruwa ɗaya ba, ni kuma ba na fita da ƙasa da gora biyu a wannan gari.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Sayayya. Sandar sirdi ta alminiyam mai faɗin milimita 27.2, naira 9,000, kuma na shafe ta da giris kafin ta shiga. Wili biyu na gwanjo, naira 70,000. Kayan giya da birki na Shimano Tiagra masu giya goma a baya, na gwanjo, naira 120,000. Sarƙa sabuwa naira 16,000, domin tsohuwar sarƙa tana cinye haƙora.

Asabar, 7 ga Disamba

Mun ɗaura boris ɗin gindin feda, wanda na saya naira 14,000. Ramin firam ɗin mai tiredi ne, wato zanen ɗauri kamar na cikin noti, irin na Ingila, faɗinsa milimita 68, kuma ɓangaren dama ana ɗaure shi ne ta hagu. Na buɗe baki zan faɗa, Baba ya riga ni, ya ce haka yake a kowane keken da ya taɓa kwancewa. Ya fara murɗa shi da yatsu har ya shiga rabi kafin ya ɗauki sifana, domin tiredin alminiyam yana da saurin lalacewa idan aka fara shi a karkace. Firam ɗin kabon da yawa ba su da tiredi a wannan wuri, matsa boris ɗin ake yi da na'ura ta musamman, kuma notocinsu suna bukatar sifana mai awo wadda take tsayawa a daidai ƙarfin da aka rubuta, domin ƙarin rabin murɗi yana iya fasa bututu. Wannan firam kuwa duk abin da ya nema ya samu a cikin akwatin Baba.

Lahadi, 15 ga Disamba

Kan keke da wuyansa naira 18,000, sirdi 8,000, feda 7,000, kebur da tef na naɗe kai 11,000. Tayoyi ba su iso ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Tayoyi sun zo, masu faɗin milimita 28, biyu a kan naira 44,000, da tib uku a kan 10,500. Na zaɓi masu shimfiɗar kariya a ciki saboda tsidau da ke gefen hanyoyinmu. Tsakanin taya da birkin baya akwai sararin da bai wuce milimita huɗu ba, ya isa a lokacin rani, amma zan lura da shi idan damina ta kawo taɓo. Na ba Baba naira 10,000 ladan aikinsa, ya ce ya yi yawa, na ce bai kai ba.

Jimillar abin da na kashe naira 440,000. Ratar naira 185,000 da ke tsakanin firam biyun ita ce ta sayi wili, tayoyi, tib, sarƙa da boris, har da saura. Da na ɗauki na kabon, da yanzu yana rataye a bango ina jiran albashin wata uku. Keken gaba ɗaya kilo 9.4 ne. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana a yi gasa da keken da bai kai kilo 6.8 ba tun shekarar 2000, kekunan manyan 'yan tsere kuma a kusa da nan suke, amma su duwatsun Faransa suke hawa, ni kuwa hanyoyin da zan bi shimfiɗaɗɗu ne in ban da 'yan tuddai.

Lahadi, 22 ga Disamba

Fita ta farko, zuwa Kalgo da dawowa. Giya ta huɗu tana tsalle, na ƙara wa kebur rabin murɗi ta zauna. Hazo ya yi yawa.

Asabar, 28 ga Disamba

Jiya iskar hunturu ta tunkuɗe keken daga inda na jingina shi, bututun sama ya daki kusurwar ƙofar gida ta ƙarfe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ya lotsa kamar faɗin farcen babban yatsa, a tsakiyar bututun inda bangon ya fi siranta. Na wanke wurin, na duba shi da tocila, na yi masa gwajin kananzir da alli. Lotsawar mai santsi ce, babu kaifin ninki, babu tsaga, kuma tana nesa da walda. Na zagaye ta da alƙalamin da ba ya gogewa, na ɗauki hoto da rula a gefe, domin in riƙa gwadawa duk mako. Ko da ta ɓata masa kyau, na san girman ciwon da inda ya tsaya, kuma na kwana da hankalina a kwance.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Tafiyar Argungu, ni da wani abokina mai keken kabon wanda ya saya sabo shekaru uku da suka wuce. Mun tashi bayan sallar asuba, sanyi yana ratsa yatsu, muka bi ta Gwadangaji muka wuce Ambursa rana tana fitowa ja cikin hazo. Bayan mun wuce filin jirgi muka yi musayar kekuna.

Ba zan rage wa kekensa komai ba. Da na miƙe tsaye na taka, ya zabura kamar doki, kuma a ɗan tudu na ji rashin nauyinsa a cinyata. Amma da muka shiga wurin da kwalta ta yi gargada, tafin hannuna ya fara zugi a kan nasa fiye da yadda yake yi a kan nawa, abin da ya saɓa wa maganar da kowa yake yi cewa alminiyam yana dukan jiki, kabon yana shanye girgiza. Shi ma da ya sauka daga nawa ya ce bai yi tsammanin haka ba. Tayarsa milimita 25 ce, ya cika ta da iska har awo 100 a ma'aunin famfo, tawa kuwa 28 ce a kan awo 70. Muka tsaya a gindin wata bishiya muka musanya wilin gaba kawai, kowa ya koma kan kekensa, sai zugin ya biyo wilin ya dawo hannuna. Firam mai siffar kusurwa uku ba ya lanƙwasawa sama da ƙasa sai ɗan abin da ba a ji, ko da me aka yi shi, taya kuwa tana lotsawa milimita da yawa a kan kowane tsakuwa. Sunan da alminiyam ya yi na tsanani ya samo shi ne a zamanin manyan bututu da siraran tayoyi masu cike da iska, kafin masana'antu su koyi siffanta bututu da matsin ruwa su sirantar da ƙafafun baya.

A Argungu mun karya kumallo da ƙosai da kunu, abokina yana cewa babu wani babban ɗan tsere da ke hawan alminiyam yanzu. Gaskiyarsa ce a manyan gasa: Marco Pantani ne na ƙarshe da ya ci Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, a kan firam ɗin alminiyam, na kamfanin Bianchi, a 1998, kuma daga shekarar da ta biyo baya kabon ya karɓe filin. Na tuna masa cewa Peter Sagan ya yi tseren cikin gari a Ostireliya a farkon 2019 a kan Specialized Allez Sprint na alminiyam, amma na yarda cewa wannan rana ɗaya ce. Su ana ba su keken kyauta, kuma mota tana bin su da wani idan wannan ya karye.

Mun dawo kafin azahar, tafiyar ta haura kilomita 100. Ban samu faci ba, shi ya samu ɗaya a kusa da Zauro.

Asabar, 11 ga Janairu

Na wanke keken, na zare sandar sirdi na goge ta na sake shafa giris, kuma haka zan riƙa yi duk wata biyu. Lotsawar tana nan cikin da'irarta, ba ta ƙaru ba. Na bi waldar gindin feda da ta wuyan firam da tocila, lafiya lau. Fok ɗin ma na sake ƙwanƙwasa shi da kwabo, kuma shi ne zan fara canzawa da sabo idan na samu hali, domin shi kaɗai ne a jikin keken da ba zan iya ganin cikinsa ba.

Da naira 10,000 da ta rage na ba da saƙon maratayin giyar baya guda ɗaya a kan 7,500, wato ɗan guntun alminiyam mai laushi da aka yi shi domin ya lanƙwashe ko ya karye a madadin firam idan keke ya faɗi ta dama. Kowane firam da irin nasa, saboda haka na kwance nawa na zana shi a takarda na tura hoton, an ce sai nan da mako biyu. Asabar mai zuwa zan gwada hanyar Jega da iska awo 65 a tayar gaba, in ga ko za ta ɗauki ramukan ba tare da rim ya ciji tib ba.